Aduwar Ƙarshe a Tudun Haske

Na'urar tace sinadarai ta ƙara juyi ɗaya, ta tsiyayo wani ruwa mai duhu cikin kwalba, sannan fitilarta ta koma ja. Dakta Uwani Barmo ba ta ko ɗaga kai ta dubi allon ba. Ta san haɗin ya sake lalacewa.

Cibiyar bincikenta tana can ƙololuwar Tudun Haske, birnin da aka gina hawa kan hawa, inda motoci ke kai kansu, injuna kuma ke sanyaya iskar tituna. Duk da wannan ci gaba, zazzaɓin fadama ya shigo da damina yana ɗibar yara. Akwai allurar rigakafi, tana kuma aiki, sai dai jiki na saurin mance ta. Kafin wata damina ta zagayo, garkuwar ta yi sanyi.

Abin da Uwani ta gano shi ne wani sinadari da ake gauraya shi da allurar, ya zuga sojojin jini su riƙe kamannin cutar shekara da shekaru. Ta raɗa masa suna zugau. Daga ɓawon aduwa take tatso shi, kuma duk injunan birnin sun kasa haɗa irinsa. Aduwa kuwa an sare ta tun lokacin da ake shimfiɗa allunan hasken rana. Saura ɗan kurmi ɗaya a bayan gari, cikin shinge.

Da hantsi Alhaji Sallau, shugaban hukumar lafiya, ya shigo. Daga ɗakin jinyar yara yake, idanunsa sun kaɗa.

"Dakta, yaya?"

"Ya ƙi, ranka ya daɗe. Ka ƙara mini lokaci."

"Gadaje sun ƙare. A tabarma muke kwantar da su." Ya zauna kamar wanda aka ɗora wa kaya a wuya. "In aka ɓare kurmin nan gaba ɗaya, zai ishi yaran birni?"

"Zai isa. Amma itacen da aka ɓare shi zobe ba ya tashi. Kaɗan-kaɗan nake yanka, su warke. In muka kwashe yau, waɗanda za a haifa gobe fa?"

"Na yau nake binnewa, Dakta."

Jiya-jiya Uwani ta ga wata uwa zaune a bakin asibiti, goye da yaron da ya riga ya cika, ta ƙi bari a kwance shi. Uwani ta miƙa hannu kan allon ta danna amincewa a ɓare kurmin.

Ta bi injunan ɓara masu siffar mutane har kurmin. Tana tsaye suna hawa itatuwan da wuƙaƙensu, suna zare ɓawo daga saiwa har reshe. Can sai ta durƙusa tana tsintar 'ya'yan da suka zubo, tana cusawa a gefen mayafinta, ƙaya na sukar ta ba ta ji.

Zugau ya yi aikinsa. Zazzaɓin ya ja baya, ɗakunan jinya suka yi fili, aka haska hoton Uwani a bangon dogayen gine-gine. Kurmin ya bushe ƙayau. A rufin cibiyar ta shuka ƙwallayen da ta tsinto, ta koma kan na'urarta, tana gwadawa tana faɗuwa. Aduwa ba ta san gaggawa ba. Duk hasken da injuna suka zuba mata, da ƙyar ta kai gwiwa.

Da hadari ya fara haɗuwa a shekara ta gaba, 'yarta Raliya ta hau rufin rungume da jaririyar da ta haifa.

"Umma, an yi mata allurar, amma sun ce babu zugau. Sun ce sai mun riƙa dawowa, kuma layin ya kai bakin gari." Ta rage murya. "Ba ki ɓoye ko ɗigo ɗaya ba?"

Uwani ta girgiza kai.

"To waɗannan fa? Yaushe za su isa yanka?"

Uwani ta dubi 'yan tsirran, kowanne bai kai kaurin yatsa ba.

"Sai jaririyar nan ta shiga makaranta," ta ce.

Raliya ta gyara wa jaririyar lulluɓi. Daga gabas aka fara yayyafi.