Hannun da Auta Ta Ƙera

Ana kiran sallar magariba uwar gidan ta ji dutse ya faɗo kan rufin kwano. Ta ɗauka 'ya'yan maƙwabta ne, har ta ja tsaki. Na biyu kuwa tsakiyar falo ya faɗo, alhali ƙofa da tagogi duk a rufe suke.

'Yarta Auta tana digiri na biyu a fannin ƙera na'urorin asibiti. Malaminsu ya rantse ba mai cin jarrabawarsa da surutun takarda, sai kowa ya ƙera abin da ɗan Adam zai mora. Ita kuwa ta zaɓi ta ƙera wa Babanta hannun roba, tun da injin yankan katako ya cinye masa na dama. Wata da watanni teburin cin abinci ya koma wurin aiki, ga wayoyi, ga dalma, ga robar da take tausasawa a tafasasshen ruwa. Yatsun ma har sun fara motsi idan Baba ya matse dungunsa.

Da faɗowar dutsen nan uwar ta juya, sai ta ga Auta zaune idanu a kafe, hannunta na dama ya ƙandare. Kwana da kwanaki bai buɗe ba, likitoci suka rasa gane kansa. Kullum rana ta faɗi, sai a ji kukan yaro daga banɗaki. Tsoro ya hana uwar ko runtsawa.

Aka kira wani malami mai ruƙiyya. Bai yi nisa da karatu ba sai muryar wani aljani mai kauri ta fito daga bakin Auta.

"Ruwan zafi ta sheƙa a magudana da magariba, ko bismillah babu. Ɗana yana wasa a wurin. Hannunsa ya tafi."

"Ba ta gan shi ba," in ji malamin. "Ka ji tsoron Allah, ka fita."

"Hannu nake so." Idanun suka juya a hankali zuwa kan tebur. "Ko nata, ko wancan."

Uwar ta dubi Baba. Ita ta san yadda mijinta yake ɓuya in zai ci abinci, don kunyar cin da hagu a gaban mutane. Ta san kuma jarrabawar ta ƙarato.

Baba ya miƙe, ya ɗauko hannun da hagunsa, ya shafa yatsun, ya ajiye a gaban yarinyar. Malamin ya sa aljanin ya rantse ba zai dawo ba. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta kife. Da suka waiga, ba hannu ba dalilinsa.

Ta farfaɗo tana motsa yatsunta, ta dubi tebur.

"Baba, ina hannunka?"

Ya kama nata ya riƙe gam.

"Wannan ya ishe ni, Auta."