Goyon Ciki a Garwa

A bakin ruwan Lagdo Walid ya fara ganin Nasiha. Ya zo daga Garwa sarin bandar kifi, ita kuma tana tsaron kwandon uwarta, ta haɗe rai. Kifin ya saya, lambarta kuwa sai da ya sha wuya.

Garinsu Nasiha yana can tsallaken ruwa, wai har suna da asibiti. Asibiti! Ɗaki biyu da allo mai rubutun Faransanci, kaji na ƙwai a kan gadon haihuwa. Ungozomar da aka turo, daga ganin hanya ta juya. A cikin kwalekwale Hindu, yayar Nasiha, ta cika da naƙudar fari, ana neman kai ta wajen likita.

Ranar da Walid ya je gaida Hadje, mahaifiyar Nasiha, sai ya yi kwaɓa.

"Hadje, alfarma ɗaya nake roƙo. In Allah ya kawo rabo, kada ta zo goyon ciki. A bar ta ta haihu a asibitin Garwa."

Hadje ta ja mayafi. "Yau na ga rashin kunya! Ba a ɗaura ba, kana yi mini zancen ciki? Haihuwar fari a gaban uwa ake yi. Tashi ka ba ni wuri."

Kafin a ce me, dangi sun turo Hisham, wani ɗan uwansu gwanin daɗin baki, neman auren Nasiha. "Ni ko shekara take so ta yi a gida, ta yi," in ji shi. Ka ji gogan. Ba shi zai yi naƙudar ba.

Nasiha ta tura wa Walid saƙo: "Ashe raina garinmu ka yi? Ka kunyata ni gaban Inna."

Amsa ta zo nan take: "Hasken idona, ban raina kowa ba, tsoro nake ji. Gara Hadje ta tsane ni da a ce an sako ki cikin kwalekwale ina jira a bakin ruwa."

Ta yi kuka ya ishe ta, sannan ta iske Hadje tana juya kifi a kan banda.

"Inna, wallahi ni ma tsoro nake ji."

Hadje ba ta ɗago ba. "To wa zai yi miki wankan jego? Wa zai dama miki kunun kanwa? Dangin miji?"

"Ke mana, Inna. Wajenki ake zuwa goyon ciki, ba wajen garin nan ba. Ki zo Garwa."

Dangi suka ɗauki salati: suruka ta tare a gidan suruki? Abin kunya! Tir. Su ne dai waɗanda suka cika gida da kuka ranar Hindu, suka ci tuwo suka watse.

Bayan damina aka ɗaura auren Nasiha da Walid. Da za a tafi da amarya, Hadje ta sa aka kira Walid, ta juya masa baya kamar yadda surukai ke yi.

"Ka tanadar mini ɗaki, da babbar tukunyar wanka. Allah ya yi muku albarka. Allah ya sa in goya jikana, uwarsa na zaune tana kallona."