Safar Hannun Fatawu

Ranar Lahadi ce da hantsi, gidan Alhaji Awal da ke hawa na uku a Dagenham sai ƙamshin wake da shinkafa da soyayyen kifi yake yi. Tun Juma'a Mma Katumi take goge-goge, domin ranar ce dangin Fatawu za su kawo goron neman auren 'yarta Nimatu. Ita kuwa Nimatu tana gaban madubi, ta ɗaura ɗankwali ta kwance ya fi sau biyar. Shekara biyu ke nan tana son yaron nan. Ɗan zangon Kumasi ne kamar iyayenta, aikinsa gyaran wutar lantarki a gidajen council na ƙaramar hukuma, ba ya sha, ba ya busawa, bai taɓa ɗaga mata murya ba.

Sai ga wanta Abdul-Ganiyu ya banko ƙofa, ko sallama babu. Direban motar kai kaya ne, ƙato, kuma tun yana yaro hannunsa ya fi bakinsa sauri. Ya dire waya a cinyar mahaifinsu ya ce a duba irin surukin da ake dafa wa abinci.

Nimatu ta fito ta leƙa. Ita ce a bidiyon. Wani bikin kiɗa ne da aka yi da rani a wani fili, cikin ƙaton tanti mai duhu ko da rana tsaka, kiɗan na dukan ƙirjin mutum. Tana zaune a kan ciyawa, Fatawu na durƙushe a gabanta, hannuwansa cikin farar safa, kowane yatsa na ci da wuta, ja da kore da shuɗi, yana murɗa su dab da fuskarta. Idanunta na bin wutar, bakinta a buɗe, hawaye na gangarowa.

To, gaskiyar abin, wasa ne. Yaran suna ce masa gloving. Safar hannu ce da ake sa wa ƙwan fitila kamar ƙwayar masara a bakin kowane yatsa, da ɗan batir kamar maɓallin riga. Mai yi zai tambayi mutum ko yana so, in ya yarda sai ya durƙusa a gabansa ya yi ta sarrafa yatsu yana bin kiɗa, wutar tana zana furanni da taguwar ruwa a iska. Ƙa'idarsu kuma ba a taɓa mutum, ko gashin gira. Shekara huɗu Fatawu ya yi yana koya a gaban madubi, kuma kukan da Nimatu ta yi ranar na jin daɗi ne, don ba ta taɓa ganin abu mai kyau haka an yi shi dominta ita kaɗai ba.

Amma Mma Katumi ba wannan ta gani ba. Ita da idonta, a kasuwar Aboabo ta Kumasi tana budurwa, ta ga wani mutum ya kaɗa hannu a fuskar yayarta, yayar ta cire 'yan kunne ta miƙa masa, ta bi shi har tashar mota, ta kwana uku ba ta san sunanta ba. Ta dafe ƙirji tana salati, ta ce an gama da 'yarta, asiri ne, shi ya sa yarinyar ba ta ganin kowa sai shi.

"Mma, wallahi fitila ce kawai, batir ne a ciki..."

Marin da uwar ta sauke wa Nimatu sai da ɗankwalinta ya faɗi. Na biyu ya fasa mata leɓe.

"Ranar nan ba ce mini kika yi za ki gidan Kachollom karatu ba?"

Nimatu ta dafe leɓenta. Haka ta ce, kuma ƙarya ta yi. Kachollom ƙawarta ce 'yar Jos, tare suka je bikin, ita ta ɗauki bidiyon ta sa a waya har ya zagayo hannun Abdul-Ganiyu.

Alhaji Awal ya ɗauki waya ya kira kawun Fatawu ya ce kada su zo, maganar ta tashi. Abin da ba su sani ba, shi Fatawu ya riga ya iso da katon-katon na lemo, yana ƙasa yana saukewa daga motarsa, cikin farar shadda sabuwa. Abdul-Ganiyu ne ya hango shi ta taga. Kafin Nimatu ta riƙe masa riga ya fizge, ta bugu da ƙofa, ya sauka yana tsallake matakala bibbiyu.

Daga tagar ta ga komai. Ta ga Fatawu ya ajiye katon ya miƙo hannu da murmushi, ta ga naushin farko ya same shi a baki, ta ga ya faɗi kan kwalabe. Bai rama ba, kansa kawai ya rufe yana cewa, "Yaya, tsaya ka ji." Abdul-Ganiyu ya yi ta haurinsa a haƙarƙari, sannan ya ja shi kamar buhu zuwa bakin motar, ya kama hannunsa na dama ya ɗora a inda ƙofa ke rufuwa.

"Da wannan kake yi mata, ko?"

Ya maka ƙofar. Ya buɗe, ya sake makawa.

Ƙarar da Fatawu ya yi har hawa na uku Nimatu ta ji ta. Ta sauko ba takalmi, fasasshen kwalba ya yanke mata ƙafa ba ta sani ba. Ta same shi zaune a ƙasa ya rungume hannun, yatsun sun karkace kowanne ya kalli wani waje, jini ya ɓata shaddar, ya ɓata leshinta. Wanta kuma ya zaro safar daga cikin motar yana tattake ta da takalmi, 'yan fitilun na fashewa ɗaya-ɗaya. Maƙwabta ne suka kira motar asibiti da 'yan sanda, kuma kafin la'asar an tafi da su biyun, kowa inda ya dace da shi.

Yatsu uku suka karye. Likitoci suka sa ƙarfe a biyu, suka ce na kusa da ƙaramin ba lallai ya sake lanƙwasuwa yadda yake ba. Mutumin da abincinsa ke hannunsa, sai ga shi ko maɓallin riga ba ya iya sawa.

A gida kuwa duk laifin ya dawo kan Nimatu. Ita ta jawo aka kai wanta gaban alƙali, ita ta kunyata su a cikin 'yan zango. Mma Katumi ta ƙwace wayarta, ta samo wani malami daga can Kumasi ta waya, aka shiga hayaƙi safe da yamma. Takan lulluɓe ta da bargo a kan kasko har yarinyar ta yi ta tari tana amai, in ta ƙi shan rubutu ta damƙi gashinta ta ɗura mata. Kuma tana yi tana kuka, don a zuciyarta ceton 'yarta take yi. Nimatu ba ta taɓa ɗaga wa uwarta hannu ba, ba ta zage ta ba. In an gama takan goge ido ta ce hankalinta ɗaya, kuma shi take so. Sai a ce ai ga shi nan, asirin bai sake ta ba.

Wata rana daga kantin maganin da take aiki a Whitechapel ta zame ta sami Fatawu a wajen masu gasa ƙashi na asibiti, yana fama da matsa wata 'yar ƙwallon roba, gumi na keto masa. Ta nuna masa tabon da kaskon hayaƙi ya bar mata a wuya. Ta ce ta gaji, Kachollom ta ba ta ɗaki, su je registry, ofishin auren gwamnati, kawai a ɗaura, ai nan ba Kumasi ba ce, ba wanda ya isa ya hana.

Fatawu ya ajiye ƙwallon.

"Ƙarya ɗaya muka yi musu, Nimatu, kin ga inda ta kai mu. Ba na ƙara ta biyu. In dukan ya yi yawa ki koma wajen gwaggonki, wannan ba laifi ba ne. Amma ni ta ƙofar Baba zan ɗauke ki."

Ta yi fushi, ta ce masa matsoraci, ta tafi tana kuka a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa har Dagenham. Amma washegari ta haɗa kayanta, ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce ya yafe mata ƙaryar da ta yi, kuma ya bar ta ta zauna wajen ƙanwarsa a Barking har Mma ta huce. Ya kalli tabon wuyan nan, ya kau da kai, ya ce ta je.

A kotu Fatawu bai ɓoye komai ba, ya faɗi abin da aka yi masa tiryan-tiryan. Sannan ya ce shi ya yafe, yana roƙon kada a kulle mutumin. Abdul-Ganiyu ya tsira daga gidan yari da ƙyar, amma aikinsa ya tafi, aka sa shi sharar titi na watanni. Mma Katumi ta ce yafiyar ma wani makirci ne.

Duk Juma'a kuma sai Fatawu ya nemi Alhaji Awal a masallacin Whitechapel ya russuna ya miƙa hannu. Hannun dama, naɗe da bandeji. Alhaji ya wuce kamar bai gan shi ba. Haka aka yi wata biyar. Ran nan bayan an sallame, cikin cunkoso, Alhaji ya juya ya kama hannun na kusa da shi bai duba fuska ba, ya matse da ƙarfi yadda ya saba. Sai ya ji yatsu kamar busassun ƙirare a tafinsa. Ya ɗaga ido ya ga Fatawu ne, ya cije leɓe, idanunsa sun kawo ruwa, amma bai janye ba.

"Me ya hana ka ba ni hagu?"

"Ba a ba babba hagu, Baba."

Alhaji ya saki hannun a hankali. Har ya kai bakin ƙofa wajen takalma, sai ya dawo ya ce gobe bayan azahar ya kawo masa safar nan gida ya gani da idonsa.

Aka kira Nimatu daga Barking. Aka ja labule, falon ya yi duhu. Mma Katumi ta tsaya a bakin kicin ta riƙe 'yarta gam tana karanta duk addu'ar da ta sani. Abdul-Ganiyu na raɓe a lungu, don uban ya ce dole ya zauna. Alhaji ya karɓi sabuwar safar, ya juya ta ciki da waje yana neman laya, ya sa aka ɓalle fitila ɗaya, ya ɗora batirin a tafinsa, ya shinshina. Ya ce irinsa ne a na'urar gwada sukarinsa. Sannan ya sa aka mayar da fitilar, ya yi bisimilla ya gyara zama.

Fatawu ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yarda in yi?" Tsohon ya ce ai shi ya kira shi. Fatawu ya ce duk da haka sai an tambaya, haka ake yi.

Ba a sa kiɗa ba. Wuta ta tashi a yatsu goma, ta buɗe kamar fure, ta rufe, ta gangara kamar ruwa daga hannun hagu zuwa dama. Nimatu ta ga uwarta ta daina karatu ta tsaya kallo. Alhaji na bi da ido, can sai ya kira sunan kansa da na ubansa da na kakansa da ƙarfi, ya ƙirga ɗaya zuwa goma, don ya tabbatar hankalinsa na nan. Ya ce ko iskar hannun bai ji ta taɓa shi ba. Har ya fara murmushi, sai ya tsuke fuska ya nuna.

"Wancan koren fa? Duk sauran suna tafiya tare, shi yana tsaye."

Fatawu ya sauke hannunsa. "Shi ne bai warke ba, Baba. Sun ce haka zai zauna."

Alhaji ya miƙa hannu ya zare safar da kansa, ya riƙe yatsan nan mai tabon ɗinki yana kallo. Ya kira Abdul-Ganiyu ya ce ya zo ya duba aikinsa da kyau. Ƙaton nan ya rarrafo ya kasa ɗaga kai, ya fashe da kuka yana cewa a yafe masa. Mma Katumi ta saki Nimatu ta zame ƙasa, ta shafa tabon wuyan 'yarta, ta kasa cewa komai sai "'yata, 'yata."

Alhaji ya ce wa Fatawu ya gaya wa kawunsa shi da kansa zai zo ba da haƙuri, kuma daga yau Nimatu tasa ce.

An ɗaura auren bayan ƙaramar salla. Fatawu ya koma aiki, sai dai har yau da yatsu huɗu yake riƙe filaya, in sanyi ya shigo kuma Nimatu ce ke shafa masa man zafi.

Ku 'yan mata, kada ku yi wa iyayenku ƙaryar inda za ku, domin ranar da kuka zo da gaskiya ba za a saurare ku ba. Ku samari, ku riƙe hannuwanku. Mu kuma iyaye, abin da ba mu sani ba mu zaunar da yaro mu tambaye shi kafin mu kira shi asiri. Haƙurin yaran nan ya ba su juna, amma bai miƙar da yatsan ba, kuma tambaya ɗaya ranar Lahadin nan da ta isa.