Tsuntsun da Ba Ya Cikin Littafi

Ranar da ta fara ganinsa, a kan ƙafa ɗaya yake tsaye.

Mahaifinta, Baba, ta rako situdiyon da za a mayar da littafinsa fim ɗin katun. Ɗaki ne a saman bene, kwamfutoci a jere, bango duk an lilliƙa masa zane. Tana tura ƙofa sai ga wani dogon saurayi a gaban madubi, ya naɗe ƙafa ɗaya, ya ware hannuwa, yana miƙa wuya yana janyewa. Ta yi niyyar daurewa, dariya ta ƙwace mata.

"Malam, lafiya dai?"

Ya sauke ƙafar, kunya ta lulluɓe shi. "Lafiya lau. Tsayuwar shamuwa nake koyo. Mu masu zanen katun sai mun gwada motsi da jikinmu kafin hannu ya yarda ya zana."

Baba, tsohon marubucin da dariyarsa ke da tsada, ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Allah ya kyauta." Ita kuwa malamar firamare ce, ta saba da masu tsalle-tsalle, amma ba ta taɓa komawa gida da tunanin ɗayansu ba sai ranar.

Da sunan aiki ya karɓi lambarta. Washegari saƙo ya shigo.

"Salam, 'Yar Shamuwa. Tambayar aiki ce zalla: in shamuwa ta yi murmushi, wane gefe take karkatar da kai?"

"Mai Fensir, shamuwa ba ta murmushi. Ka kama aikinka."

"Ta yi jiya a situdiyo. Ina da shaidu."

Daga nan fa waya ta daina hutawa.

Littafin ɗan siriri ne. Labarin wata 'yar shamuwa ce da uwarta ta tashi tare da sauran tsuntsaye ba ta dawo ba. Kullum tana bakin rufi tana kallon sama, har ranar da ta koyi tashi ita kaɗai. Baba ya rubuta shi ne shekarar da Inna, mahaifiyarta, ta rasu, lokacin ita ko ɗaura ɗankwali ba ta iya ba.

Wata yamma, a bakin get ɗin makaranta, ta gaya wa Mai Fensir abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

"Ni ce fa tsuntsuwar nan. Kullum da yamma sai in zauna a bakin ƙofa ina jiran Inna. Baba bai taɓa cewa in tashi ba. Sai dai ya ɗauko sukundireba ya tsaya a bayana, wai yana gyara sakata. Ya kwance, ya ɗaura, ya sake kwancewa, har in gaji in shiga."

"Sakatar ta lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Sai da na girma na gane."

Ya jinjina kai, ita kuma ta ji kamar ta sauke tulu daga ka.

Maganar aure har ta fara kankama. Gwaggo, ƙanwar Baba da ta riƙe gidan tun rasuwar Inna, tuni take kiransa "ɗan ƙafa ɗaya", wanda a wurinta yabo ne. Sai ranar da aka kira Baba ya ga gwajin fim ɗin, tun ba a sa launi ba.

Ga 'yar shamuwa a bakin rufi, daidai yadda littafi ya ce. Amma a bayanta ga wani tsohon tsuntsu, yana ɗaukar kara ɗaya daga sheƙa, ya ajiye, ya sake ɗauka.

Baba ya miƙe. "Wannan kuma wane ne?"

"Ubanta ne, Baba."

"Littafina ba uba a ciki! Ni na rubuta shi, na san wanda na sa, na san wanda na bari. Mutumin da zai kutsa cikin littafin wani ya ƙara abin da ya ga dama, haka zai yi da gidan mutane."

Ya sauka daga benen yana dafa bango, bai jira sauran ba. Ita ta tsaya, ta juyo ga Mai Fensir, idonta ya ciko.

"A matsayin masoyi na gaya maka, ba a matsayin mai zane ba. Ashe ina magana kana auna yadda zai fito a allo."

"Ki saurare ni, don Allah..."

Ba ta saurara ba. A gida Baba ya yanke hukunci: kada yaron nan ya sake tako masa ƙofa.

Sai Edita ya samu fili. Shi ne mai duba wa Baba rubutu, mutum mai tsabta da ladabi, wanda ko Baba ya ce rana daga yamma take fitowa zai ce, "Haka ne, Baba, ni ma na lura." Ya fara zuwa da turare mai ƙarfi da hira marar gishiri. Ba shi da laifin komai, bawan Allah, sai dai bai taɓa sa ta dariya ba.

Kewa kuwa ba ta da kunya. A aji take kama ta, in wani ɗalibi ya fiƙe fensir. A kicin take kama ta. Fushinta na nan, amma kullum sai ya ƙara ramewa. Takan buɗe saƙonninsa ta karanta ta rufe, ta ce wa kanta ai duba lokaci ta yi.

"'Yar Shamuwa, na yi kuskure da ban nemi izininki ba. Ba zan kare kaina ba."

"Yau na tsaya gaban madubi na kasa ɗaga ƙafa. Babu mai yi min dariya."

"Yarjejeniya ta ba mu damar canza labari, amma ni ba da takarda nake so in ci nasara ba. Ki ce in cire shi, in cire."

Wannan na ƙarshen ya hana ta sukuni. Ta ɗauko littafin ta sake karantawa, sannan ta rubuta masa kalma biyu: "Me ya sa?" To, uku ne, amma wa ke ƙirga.

Amsa ta zo nan take, kamar yana riƙe da wayar tun ranar.

"Na fara zana ta ita kaɗai, kamar littafi. Ban iya kallo ba, tausayin ya yi yawa. Sai na gane a littafi ba ita kaɗai ba ce: muryar Baba na bayanta a kowane shafi, tana lallashinta. Fim ba shi da wannan muryar. In na cire ta, dole in sa wani ya tsaya a wurin. Ban ƙara shi ba, ranki ya daɗe. Yana ciki tun farko."

Ta kifa wayar a cinya ta yi kuka mai isarta. Da ta share ido ta rubuta: "Kada ka cire shi, Mai Fensir."

Gwaggo ce ta ɗauki nauyin kai Baba kallon fim ɗin. Ranar da za a nuna wa ɗaliban makarantar a ɗakin taro, ta ajiye masa takalmi a gabansa ta ce, "Yaya, tashi. In zagi za ka yi, ka ga abin tukuna, zagin ya fi daɗi."

Ya zauna a kujerar baya, fuska a murtuke. Yara suka yi ta ƙyaƙyata dariya duk lokacin da tsohon tsuntsun ya ɗauki karansa. Amma da hadari ya haɗu a cikin fim ɗin, ya matso a hankali ya buɗe fiffike a kan 'yarsa, karan na bakinsa, yana kallon wani gefe kamar ba shi ba, ɗakin ya yi tsit. Da 'yar shamuwar ta tashi sama a ƙarshe, ta yi kewaye ɗaya ta waiwayo shi. Wannan ma babu a littafi. Yara suka miƙe suna tafi, wasu malamai suna neman hankici.

Baba ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Bai kalle ta ba ya ce, "Ashe kin sani."

"Na sani, Baba."

"Ni da na ɗauka na iya ɓoyewa."

Mai Fensir ya matso ya durƙusa. Baba ya dube shi sama da ƙasa.

"Ka ɓata min littafi."

"Na yi laifi, Baba."

"Ban ce ka yi laifi ba, cewa na yi ka ɓata. Shekara da shekaru ina fakewa a bayan shafi, ka zo ka jawo ni fili gaban yara." Ya mayar da tabarau. "Ka turo manyanka. Kuma ka zo da ƙafa biyu."

Gwaggo ta yi hamdala har sai da aka juyo. Edita ma, da labari ya kai masa, cewa ya yi, "Haka ne, Baba, ni ma na lura sun dace."

Aka ɗaura aure cikin farin ciki. Da za ta tafi, Baba ya dafa kanta ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa kowannenku ya zama mai tsaya wa ɗan'uwansa a baya." Dangi suka amsa da amin.

Mota ta ja. Mai Fensir ya ce a hankali, "'Yar Shamuwa, waiwaya."

Ta waiwaya. Baba na bakin ƙofa da sukundireba a hannu, ya duƙufa kan sakata. Ta sauke gilashi ta ɗaga masa hannu. Wannan karon ya bar gyaran, ya ɗago kai, ya ɗaga mata nasa.