Igiya Biyu a Reshen Tsamiya

A can wani gari, an yi wata yarinya da aka zaɓa ta shiga babban ajin fiziks bayan dogon hutu. Don murna, da gudu ta iso gida, rungume da littafin da malaminsu ya ba ta ta fara shiri.

A ciki ta karanta cewa in aka rataye babban dutse da ƙarami, aka sake su tare, tare za su yi lilo. Nan da nan ta ɗaura igiya biyu a reshen tsamiya, ta rataye duwatsun, ta saki. Ƙaramin ya riga babban dawowa. Ta sake saki, ya riga. Ta kuma saki, ya kuma riga.

Yayarta ta ce, "Ke, rubuta abin da littafi ya faɗa mana. Wa ya gani?"

Ta ce, "Ni na gani, Yaya." Ta rubuta abin da ta gani.

Kakarsu, wadda ta tsufa tana awon zare, ta taso ta auna igiyoyin. Ta ce, "'Yar nan, ai ta babban ta fi tsawo da taƙi guda."

Yarinya ta daidaita su, ta saki. Tare suka tafi, tare suka dawo! Ta daka tsalle. "Kaka, ashe tsawon igiya ne, ba nauyi ba!"

Yayar ta ce, "To, goge na farkon."

Yarinya ta ƙanƙame takardarta. "Ina! Shi ya koya mini abin da ban ma kai shafinsa ba."