Ɗigon Rijiyar da Aka Cike

Mai awon filaye ya raina duk wanda bai iya karanta taswira ba. Da magariba ya tsaya a bayan wata tsohuwar ma'aikata yana gwada sabuwar manhajar ofis a wayarsa. Ya buɗe taswirar tituna, ya ɗora taswirar bututun ruwa a kanta.

Sai ga wani tsoho, ba sallama, rigarsa tana ɗigar ruwa, alhali rabon sama da ruwa wata biyar.

"Yaro, kun sa gidana a abin nan?"

Mai awo ya yi tsaki. "Baba, kai da ko agogo ba ka iya dubawa? Nan fili ne fetal."

"Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ɗora taswirar rijiyoyin da aka cike."

Don ya kunyata tsohon, ya ɗora. Ɗigo ɗaya ya fito, daidai inda wayar ta nuna yana tsaye. Warin laka ya daki hancinsa, ƙasa ta yi laushi a ƙarƙashin takalminsa.

Tsohon ya buɗe baki, amma muryarsa daga can ƙasa ta taso.

"Marar tarbiyya. Sauka daga kan rufin ɗakina."