Bugun da Ya Buɗe Bakin Baba

A ɗakin gwajin murya na gidan rediyo suka haɗu. Ita ta zo neman aikin karanta labarai da Turanci, an kayar da ita karo na biyu. Shi kuwa makaɗin gidan ne, yana gefe yana ɗaure gangarsa.

"Malama, kalmominki duk nauyinsu ɗaya," in ji shi. "Turanci tafiyar kiɗa gare shi, a danna nan, a sassauta can."

Ta galla masa harara, amma ta sake karantawa. Ya riƙa buga tebur: dum, ta-ta-dum. Sai ga jimlar ta miƙe tsaf. Ta saki baki tana kallonsa.

Bayan wata guda ta tura masa saƙo: "Malam Dum, na samu aikin!"

Ya amsa: "Dama na sani, Muryata. Saura ni ki ɗauke ni aiki."

Ranar da ya zo gaisuwa, Babanta, wanda ya shekara talatin yana koyar da Turanci, ya zuba masa tambayoyi da wannan harshen. Makaɗi ya sunkuyar da kai.

"Baba, ni ba na jin Turanci. Kunne kawai Allah ya ba ni."

Ita kuwa ta juyo ta kalle shi. Ashe duk gyaran nan da ya yi mata, ko kalma ɗaya bai fahimta ba!

Baba ya miƙe a fusace. "Muddin bakin nan nawa yana motsi, ba zai ce na ba ka 'yata ba."

Mako biyu tsakani, ɓarin jikin Baba ya shanye, magana ta ɗauke. Ta yi kuka har idanunta suka kumbura, ta daina ɗaga wayar masoyinta. Wata uku ba a ji kalma daga bakin Baba ba.

Mama ce ta gaji ta ce, "Kira yaron nan. Ke ma ba shi ya warware miki harshe ba?"

Ya zo da hantsi, ya durƙusa gaban gado, ya riƙe hannun Baba mai lafiya. Ita ta ɗauko tsohon littafin da Baba yake koyarwa da shi tana karantawa, shi yana buga nauyin kowace kalma a tafin tsohon. Kwana tara suna haka. A na goma leɓen Baba ya motsa, gaɓa mai nauyi ta fara fita, masu sauƙin suka biyo ta, har jimlar Turanci ta cika.

Kofi ya suɓuce daga hannun Mama. "La'ilaha illallahu! Malam, kai ne?"

Baba bai kalle ta ba. Ya juya hannun makaɗin, ya buga masa sau uku da yatsa, hawaye na bin kuncinsa.

"Na... ba... ka."

Ranar ɗaurin aure, da bakinsa ya sa musu albarka, a hankali, yatsansa na bugun gwiwa. Allah ya ba su zaman lafiya, ya bar su tare.